A Gwada Ƙarfen a Ruwanmu

Duk wanda ya bi ƙauyukan Dambatta, Makoɗa ko Kunchi ya san famfon tuƙa-tuƙa da mata suka ƙaurace wa. Da asuba ruwansa kan fito ja, ya ɓata tuwo, ya rina farar riga. Mutane kan ce rijiyar ce ba ta yi kyau ba, alhali sau da yawa laifin na bututu ne. Ruwan ƙarƙashin ƙasa mai ɗan tsami yakan cinye rufin tutiya da ke jikin bututun famfo samfurin India Mark II, daga nan tsatsa ta kama ƙarfen. Wannan ne ya sa gwamnatin Uganda ta dakatar da amfani da irin waɗannan bututai a 2016.

Na tuno da batun ne saboda ana ta yabon sabuwar hanyar ƙira, wadda kwamfuta ke sarrafa hasken leza yana narkar da garin ƙarfe, shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace ba ta kai kaurin gashin kai ba, har kayan gyara ya fito sumul. Wata rana manomin rani a bakin madatsar Thomas zai sayi fankar injin ban-ruwa da aka ƙera haka, kuma ina maraba da ranar.

Sai dai maƙerin gargajiya yana dukan ƙarfe har ya game, ita kuwa wannan ƙira takan bar ƙananan kofofi da ido ba ya gani, inda garin bai narke sosai ba. Cikinsu ruwa ke kwanciya, tsatsa ta fara haƙa rami daga ciki, ko da ƙarfen irin wanda ake ce wa marar tsatsa ne.

A ɗakunan gwaji akan sa ƙarfe cikin akwati, a yi ta fesa masa ruwa mai gishiri kashi 5 cikin ɗari, a zafin digiri 35, na tsawon kwanaki. Gwaji ne mai amfani, amma ya fi kama da iskar bakin teku. Mu nan abin da ke cin ƙarfenmu shi ne ruwan rijiya, takin yuriya, da yashin da injin ke zuƙowa.

Don haka ina kira ga injiniyoyin Jami'ar Bayero da malaman Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta: su ɗebo ruwan rijiyoyinmu na damina da na bazara, su jiƙa samfurin ƙarfen a ciki, su auna nauyinsa wata-wata, su buga sakamakon da Hausa kafin 'yan kwangila su fara shigo da kayan.