Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Wace Manhaja Ta Dace da Mu?

'Yan'uwa ɗalibai, tun da aka kafa makarantar kwamfuta ta Informatics a Kazaure a zamanin Gwamna Saminu Turaki, samarin wannan yanki suka saba da na'ura. Yau wasu daga cikinsu, daga Roni da Gwiwa har Babura, suna sha'awar naɗar wasannin kwamfuta su nuna wa duniya. Wannan ba laifi ba ne, sana'a ce a wasu ƙasashe. Amma tilas a yi lissafi kafin a zaɓi manhajar aikin.

Ra'ayina shi ne a riƙi OBS Studio, wadda ta fito a 2012. Kyauta ce, tana naɗa, tana kuma watsawa kai tsaye, ba ta liƙa tambarinta a kan hoto. Bandicam kuwa, idan ba a biya ba, sai ta buga sunanta a saman aikinka, ta tsaida naɗin bayan minti 10. Wanda ya nemi ta sata don gudun biya, ya buɗe wa ɓarayin intanet ƙofar na'urarsa da hannunsa.

Masu cewa OBS tana da wuyar saiti sun yi gaskiya, amma wuyar ta yini ɗaya ce, kuma abin da aka koya a cikinta ilimi ne mai amfani a kowane ɗakin watsa shirye-shirye.

Sai batun watsawa kai tsaye. Wanda ya watsa a kan kilobit 6,000 a daƙiƙa zai ƙone data wajen gigabait 2.7 a awa guda. Ina ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci ya ga kuɗin wannan kullum, ga ɗaukewar wuta da yankewar sabis? Abin da ya fi shi ne ya naɗa tukuna, ya yanke abin da ba shi da amfani, sa'an nan ya ɗora ɗan abin da ya rage.

Akwai kuma wata fa'ida. A 2020 kamfanin Microsoft ya rufe dandalinsa na Mixer, masu watsawa a kansa suka watse neman wani gida. Kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya adana naɗinsa a na'urarsa, ko an rufe dandali aikinsa na hannunsa.

A ƙarshe ina roƙonku ku yi sharhin wasan da Hausa. Masu yi da Turanci sun cika kasuwa, namu fagen kuwa yana da sauran fili. Allah Ya sa mu dace.