Filin Jirgin Saman Zariya: Kada a Raina Gajere

Duk wanda ya zauna a Palladan ko Samaru ya saba da rugugin ƙananan jirage da ke kewaya sararin Zariya. Ba su ɗauke da fasinja, ba su jigilar alhazai, shi ya sa wasu ke ganin filin da suke tashi ba shi da wani muhimmanci. A nawa ra'ayi wannan kuskure ne, domin Bahaushe ya ce wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.

A shekarar 1964 aka kafa kwalejin koyon aikin jiragen sama a Zariya, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. A wannan fili ne ake horar da matuƙa, da injiniyoyin gyaran jirgi, da masu ba da umarnin tashi da sauka. A nan Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko 'yar Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, ta yi karatu, ta kuma dawo ta shugabanci kwalejin a 2011. Ashe ke nan, yawancin manyan filayenmu da ƙaramin nan suka dogara wajen samun ma'aikata.

Amfanin ƙaramin fili bai tsaya ga koyarwa ba. Idan tsuntsayen jan-baki suka auka wa gero da shinkafa a Kabi ko Yobe, da ƙananan jirage ake yi musu feshi. Haka nan su ake nema wajen ɗauko majinyaci cikin gaggawa ko auna ƙasa daga sama. Duk waɗannan ba su bukatar katafaren gini. Hanyar tashi mai kyau, da shinge, da mai, da ma'aikata sun wadatar.

Saboda haka, kafin wata jiha ta zuba dukiyar jama'a a babban filin da jirgi zai riƙa sauka jefi-jefi, ya kamata ta tambayi kanta ko ƙarami zai biya bukata. Wajibi ne kuma hukuma ta hana gine-gine a bakin irin waɗannan filaye, domin gida ɗaya a inda bai dace ba yana iya jawo asarar rayuka. Iyaye da malamai su ma su ƙarfafa wa yara gwiwa kan lissafi da kimiyya. Abin takaici ne a ce jirgi ya sauka a Kano tun 1925, amma ɗan Zariya ya tashi yana kallon jirgi bisa kansa ba tare da ya taɓa tunanin tuƙa shi ba.