RA'AYINMU: 'Yar Gida Ko Baƙuwa, Wa Ya Fi Dacewa A Tura Ƙauye?



A zamanmu na makon jiya gardama ta kaure a kan ma'aikatan jin daɗin jama'a, wato waɗanda ake turawa ƙauyuka su sasanta ma'aurata, su duba marayu, su bi sawun yarinyar da aka cire daga makaranta. Wasu sun ce takardar shaidar karatu ita ce komai. Yawancinmu ba mu yarda ba. A ƙauye, kafin a tambayi ma'aikaciya me ta karanta, sai an ji 'yar gidan wa ce, tana da aure, ta haihu ko ba ta haihu ba.

Mu tuna da shan-inna. A 2003 Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin, saboda jita-jitar cewa maganin yana hana haihuwa. An dawo da shi a 2004, amma iyaye da yawa suka ci gaba da ɓoye 'ya'yansu. Baƙon namiji kuwa iyakarsa zaure. Cikin abubuwan da suka buɗe ƙofofi har da matan unguwa da aka ɗauka suna shiga gida-gida, suna zuwa barka da suna. Uwar da aka san an ɗiga wa nata 'ya'yan, kuma ta sake haihuwa lafiya, maganarta ta fi ta kowane likita shiga kunne. Haka masu lalurar shan-inna da suka riƙa zagayawa a kan kekunansu suna roƙon iyaye. A Agustan 2020 aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Rayuwar waɗannan mutane ita ce kayan aikinsu.

Sai dai 'yar gida tana da nata tarnaƙin, kuma nan ne muka fi daɗewa muna magana. Idan mahaifin da ya cire yarinya ya ɗora mata talla kawunta ne, ko surukinta, da wane ido za ta dube shi? Kunya za ta rufe mata baki. Matar da ke shan duka ma za ta yi nauyin baki, don ta san da yamma za su haɗu a gidan biki, kuma ba ta da tabbacin sirrinta zai tsaya a ofis. Akwai kuma tabon da mutum ke ɗauke da shi. Wadda ta sha wuya a gidan miji tana iya yanke wa kowane magidanci hukunci tun bai buɗe baki ba. Wanda ya yi bara yana yaro ya zama wani abu yana iya cewa ai wahala ba ta kisa.

Baƙuwa ba ta da waɗannan ƙulle-ƙullen, amma a gari take kwana. Ta hau acaɓa ta iso da hantsi, kafin la'asar ta juya, rigimar gida kuwa da dare take tashi.

Don haka muna ganin kada a tura ɗaya ita kaɗai. A haɗa su biyu, 'yar gida ta buɗe ƙofa, baƙuwa ta faɗi abin da kunya ta hana. Idan magana ta shafi dangin ma'aikaciya, a miƙa wa wata, ba tare da an ɗauki hakan gazawa ba. Mu ma mu daina taya manya cewa "bazawara ce, me ta sani game da aure?" Wataƙila ita ce ta fi sani.

Wannan ba labarin nesa ba ne. Kowane aji ya san kujerar da ta zama wayam bayan hutu. Muna roƙon shugaban makaranta ya gayyato jami'ar jin daɗin jama'a ta ƙaramar hukumarmu ranar taron safe, sannan a ajiye akwati mai kwaɗo a ofishin malamar ba da shawara, inda za mu riƙa jefa sunan duk wadda ba ta dawo ba.