Karayar Dantsen Dattijo: A Ga Ƙashi Kafin a Yanke Hukunci

A ƙasar Garagumsa, daga Takeita har ƙauyukan da ke kewaye da ita, idan tsohuwa ta zame a bakin rijiya, ko dattijo ya faɗo daga amalanke ya dafa ƙasa, ƙashin dantsensa ya karye kusa da kafaɗa, gidan yakan rabu biyu tun kafin magariba: waɗanda ke zaune da shi su ce a kira mai ɗori, 'ya'yan da ke ci-rani a Kano ko Agadas kuwa su bugo waya su ce lalle a kai shi babban asibitin Damagaram a yi masa aiki, ko da za a sayar da bijimi. Kowane ɓangare albarkar iyaye yake nema, amma a ganina dukansu sun yi hukunci a kan abin da idonsu bai gani ba.

Bari mu fara da masu son tiyata, domin su ne ke zaton ilmi na tare da su. A shekarar 2015 aka bayyana sakamakon wani bincike mai suna ProFHER, wanda likitocin Birtaniya suka gudanar a ƙarƙashin Farfesa Amar Rangan, inda aka ɗauki mutum 250 masu irin wannan karaya, galibinsu sun haura sittin, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a: rabi aka yi musu aiki, aka sa ƙarfe ko aka musanya kan ƙashin, rabi kuma aka rataye musu hannu kawai. Bayan shekara biyu, aka kuma komawa bayan biyar, ba a sami wani bambanci na a-zo-a-gani ba a raɗaɗi ko a amfanin hannu, illa dai tiyata ta fi cin kuɗi. A 2019 likitocin Finlan da maƙwabtanta suka gwada a kan 'yan shekara sittin zuwa sama, suka iske haka ɗin.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga mai tunani. Ƙashin tsoho, musamman na mace bayan ɗaukewar al'ada, yakan yi rauni har ƙusar da likita ya ɗaura ta kasa riƙo, kamar wadda aka kafa a azarar da gara ta ci. Alhali kafaɗa, cikin hikimar Ubangiji, gaɓa ce mai yalwar motsi wadda ke ɓoye 'yar karkata idan ƙashi ya haɗe a kaikaice, kuma ba ta ɗauke da nauyin jiki kamar ƙugu, wanda karayarsa ke bukatar aiki cikin gaggawa. Sannan ga haɗarin allurar barci ga mai hawan jini ko ciwon sukari, ga ruɓar miki, ga bashin da za a bar wa magada.

Sai dai kada masu ɗori su ɗauka wannan hujja tasu ce. Turawan da ba a yi wa aiki ba sai da aka ɗauki hoton ƙashinsu, aka rataye hannun kamar mako uku, sa'an nan aka riƙa koya musu motsa kafaɗa sannu a hankali don kada ta sandare; kuma tun farko an ware waɗanda larurarsu ta fito fili. Idan ƙashi ya huda fata, ko kansa ya goce daga gurbinsa, ko yatsu suka yi sanyi suka daina ji, to, tiyata ta zama wajibi, jinkiri kuwa zalunci ne ga majinyaci. Karayar tsakiyar dantse ma hukuncinta dabam, domin akwai jijiyar da ke kewaya ƙashin, wadda idan ta taɓu wuyan hannu yakan saki. Kuma wani binciken Finlan na 2020 a kan wannan karayar ta tsakiyar dantse ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka sa wa takalmin dantse a maimakon aiki sun koma ga tiyata daga baya. Yatsan mai ɗori, komai gadonsa, ba ya rarrabe waɗannan. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗaurin karare mai tsanani a kan hannu mai kumburi, wanda ke tsare jini har naman ya mutu a yanke hannun, ga shi kuwa karan ba ya ma riƙe karayar da ke dab da kafaɗa.

Daga Takeita zuwa Damagaram tafiyar kilomita hamsin ce ko kusa, a kan kwalta, kuma kuɗin mota da na hoto ba su kai rabin bijimi ba. Tun 2006 hukumar Nijar ta ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ya dace a ce hoton ƙashin tsoho ya sami irin wannan rangwame, a kuma koya wa ma'aikatan ɗakunan shan magani na ƙauye rataya da motsa kafaɗa, masu ɗori su amince kada su ɗaure dattijo sai an ga hoto. Wanda ya raka mahaifinsa kuwa ya tambayi likita kai tsaye: idan ba a yi aikin ba, baba zai iya ɗaga hannu ya yi kabbara, ya kai loma baki, ya sa rigarsa da kansa? In likita ya ce zai iya, a koma gida da rataya da ranar dawowa hoto na biyu. Alwalarsa kuma fuƙaha sun sauƙaƙa ta, tun da sun halatta shafa a kan jabira, wato ɗaurin karaya, har Allah ya kawo sauƙi.