An Bar Jaki Ana Dukan Taiki a Kan Sunayen Jariranmu

Jama'ar Sabo, akwai maganar da ta daɗe tana yawo a gidajen suna, kuma mun ga lokaci ya yi da za a fito da ita fili. Maganar ita ce yadda mutane ke karya sunayen jariranmu. An raɗa wa yarinya Juwairiyya, maƙwabciya Bayarabiya ta shigo barka ta ce Juweratu. An sa wa yaro Mus'ab, kakarsa ta ce ita dai Musa ta ji, kuma Musa za ta kira. Huzaifa ya koma Usefa a bakin mai shagon bakin layi. Sai mai jego ta kumbura, uban yaro ya hau faɗa, a wayi gari ana gaba da mutumin da ya zo da sabulu da kuɗin barka.

Mutanenmu sun rabu biyu a kan wannan. Akwai masu ganin raini ne tsagwaronsa, ba sa barin ko ɗaya ya wuce. Akwai kuma masu cewa a huta, tunda a ƙasar Yarbawa muke zaune, a riƙa zaɓen sunan da kowa zai iya faɗa, a bar masu wuya ga mutanen Kano da Sakkwato. A wurinmu duka biyun sun bar jaki suna dukan taiki. Bakin maƙwabci ba ya rage wa yaro komai. Abin da ke wahalar da shi idan ya girma shi ne alƙalamin akawu, kuma a nan ne ba mu ga mai tada jijiyar wuya ba.

Bari mu fara da masu fushi. Don Allah wa ya fi mu lanƙwasa suna? Usman ɗin da muke faɗa, a Larabci da harafin nan mai ɗigo uku yake, wanda ake sa harshe tsakanin haƙora. Ba mu da shi, sai muka mayar da shi "s" muka wuce. Khadija ta zama Hadiza, har Dije. Murtada ya zama Murtala, kuma da wannan lanƙwasar tamu aka rubuta shi a jikin filin jirgin saman Ikko, duniya na karantawa. Muhammadu ya zama Mamman, Abdullahi ya zama Audu, Abubakar ya zama Habu. Garin da muke zaune ma, masu shi na cewa Ibadan, mu muka ce Badun. Eko muka ce Ikko, Onitsha muka ce Anacha. Mutum nawa ne a Sabo ke iya faɗin Gbenga yadda uwarsa ke faɗa? Benga muke cewa, yana amsawa, ana ciniki, ba a taɓa kai mu ƙara wurin Bale ba.

Shi ma Bayarabe harshensa ne ke jan sa. Babu harafin "z" a Yarbanci, shi ya sa Abdul'aziz ya zama Lasisi, Hamza ya zama Amusa. Kalmarsu ba ta ƙarewa da baƙi, kuma ba sa jera baƙaƙe biyu ba wasali a tsakani, to ta ina za su bi su fito da Mus'ab? Harafin "h" na farkon suna yakan faɗi a bakinsu, Hassan ya zama Asani, Halima ta zama Alimotu. Sunayen 'ya'yansu na cikinsu ma haka suke yi musu. Marigayi Alafin na Oyo ya yi shekara fiye da 50 a gadon sarauta ana kiran sa Lamidi, wato Abdulhamid, ba wanda ya ce an raina shi. Tun 1916 aka kafa Sabon nan, kakanninmu fataken goro da na shanu suka zauna da mutanen nan ana karya sunan juna, ba mu ji wanda sunansa ya ɓace saboda haka ba. Wanda ya karya sunan jaririnka, ka maimaita masa a hankali, gaɓa-gaɓa, sau ɗaya, sau biyu. In ya iya, madalla. In bai iya ba, ka karɓi barkarsa ka yi godiya. Ita kuwa kaka, a bar ta. Tun fil azal kakanni ba sa kiran jika da sunan yanka.

Abu ɗaya ne ba ma cikin masu haƙuri da shi, shi ne izgili. Malamin makarantar da ya ga sunan yaro a rajista, ya ƙi ko gwadawa, ya ce daga yau kai ne Mola ko Aboki, ajin ya fashe da dariya, wannan ba nauyin harshe ba ne. Suratul Hujurati ta hana jifan juna da munanan laƙubba, kuma ko ba Musulmi ba ya san wannan cin fuska ne. Irin wannan uba ya sa rigarsa ya je wurin hedimasta, ba a aika yaro da saƙo.

Su kuma masu cewa a sauƙaƙa suna, muna tambayar su: a sauƙaƙa wa wa? Ku leƙa gidan kallon ƙwallo a Mokola ranar da ake babban wasa, ku ji yaranmu da nasu suna kiran Lewandowski da Aubameyang ba gargada. Bakin da ya iya waɗannan zai iya Rumaisa'u in ya so. Maƙwabtanmu ba su taɓa rage Oluwadamilare don mu ba, kuma daidai suka yi. Nusaiba sahabiya ce da ta tsaya a yaƙin Uhudu, Juwairiyya matar Annabi (SAW) ce, Mus'ab shi aka fara turawa Madina ya koyar da Alƙur'ani. Uban da ya zaɓi ɗayan waɗannan da saninsa ba ya bukatar izinin kowa. Haka wanda ya koma wa su Tanko da Delu da Gambo da Azumi, waɗanda yanzu su ne suka zama baƙi a gidajen suna.

Amma fa da saninsa muka ce. Akwai 'yan zamani da ke tsinto suna a waya, ko a fim, don kawai ba kowa ke da shi ba. Ka tambayi uban ma'anarsa, ya ce yana da daɗi dai. Ka ce ya rubuta, ya rubuta iri ɗaya, uwar ta rubuta wani iri. Haba! Sunan da masu shi ba su daidaita a kansa ba, don me za a yi faɗa da maƙwabciya a kai? Annabi (SAW) ya canza wa mutane sunaye saboda ma'ana. Akwai wadda ake kira Asiya, da ainu da sadi, ma'ana mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Asiya matar Fir'auna kuwa da alifi da sinu take, suna ne mai daraja. A boko duk Asiya ne. Kwana bakwai ake da su kafin suna, sun isa a je wurin malami a tambaya.

To, yanzu ga jakin.

Yaron da aka haifa yau, sunansa zai bi ta katin asibiti, katin rigakafi, takardar haihuwa, rajistar makaranta, sannan lambar NIN. Daga nan komai ya rataya a kanta. Tun Disambar 2020 gwamnati ta ce a haɗa layin waya da NIN. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita. Fasfo sai da ita, banki kuma ga BVN tun 2014, kuma ana so sunayen su zo ɗaya. Kwamfuta ba maƙwabciya ba ce da za ka ce mata ai Nusirat ɗin nan Nusaiba ake nufi ta ce to. A wurinta mutum biyu ne. Mus'ab da aka rubuta Musa, Musa ne har sai an je kotu an yi takardar rantsuwa, an buga canjin suna a jarida, an biya kuɗin gyara, an yi ta safa da marwa a ofis. Kafin a gama, wani an rufe rajistar jarrabawa, wani jirgin alhazan jiharsa ya tashi.

Kuma mu Hausawa muna da ƙofofin da kuskure ke shigowa waɗanda wasu ba su da su. Jaririnmu ba shi da suna sai rana ta bakwai, don haka katin asibiti da sunan uwa yake fita, daga baya wani ya cike gurbin da abin da kunnensa ya ji. Ga alkunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kuma yaron da ya ci sunan kaka ba a kiran sa da shi. Sai ta je rigakafi, nas ta tambayi suna, ta sunkuyar da kai ta ce Ummi, ko Abba, ko Walida. Shi ke nan an rubuta. Ranar shiga makaranta yayarsa ta kai shi, ta ba da laƙabin gida. Takardar haihuwa na cewa Hauwa'u, rajistar makaranta na cewa Ummi, ba wanda ya lura sai shekarar rubuta WAEC. Alkunya ɗabi'armu ce, ba mu ce a bar ta ba. A rubuta wa uwa sunan a takarda ta miƙa, ba sai ta furta ba.

Sannan ba mu da sunan dangi irin na maƙwabtanmu. Wa ya sa sunan uba, ƙane ya sa sunan kaka, ƙanwa ta sa sunan garinsu, 'yan ɗaki ɗaya sunaye uku. Abdurrahman kuma sai akawu ya raba shi biyu, Abdul ya zama sunan yaro, Rahman ya zama sunan uba, sunan uban na gaskiya ya bi ruwa. Sunayen mata akan ƙara musu "t" irin ta nan, Amina ta zama Aminat, Hadiza ta zama Adijat. Baƙaƙenmu masu ƙugiya ba sa kan na'urorin ofis, Ɗanladi dole ya zama Danladi, kuma ɗan waƙafin sama na A'isha da Mu'azu da Sa'adatu akwai fom ɗin intanet da ba ya karɓa. Wannan ba abin faɗa ba ne, amma a san da shi tun farko, a tsayar da yadda za a rubuta idan babu waƙafin, kada yau Muazu, gobe Muaz, jibi Mohazu.

Abin da ya fi damun mu shi ne wanda ya shafe mu mu kaɗai, mazauna Sabo. Yaron da aka haifa a nan, ubansa ma a nan aka haife shi, idan ya zo neman gurbin jami'a ko shiga aikin soja ko ɗan sanda, sai an ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. A nan za a ce masa shi baƙo ne, ya tafi garinsu. Ya hau mota ya tafi Katsina ko Haɗeja, garin da bai taɓa kwana ba, ya miƙa takardunsa, a ga Sunmonu a wurin Usman, a ga Bakare a wurin Abubakar. Ga Hausarsa ta Sabo da ɗan gishirin Yarbanci a ciki. Me kuke zaton za a ce masa? A Badun Bahaushe ne, a Arewa an ce Bayarabe ne. Sunan nan da aka rubuta daidai yana cikin 'yan abubuwan da suka rage masa na shaidar inda ya fito, kuma shi ne aka bar wa akawu ya rubuta yadda ya ga dama, uban yaro na kasuwa.

Shi akawun ba mugunta ya yi ba, abin da ya ji ya rubuta da harshensa, ga layi a gabansa. Aikin uba ne ya tsaya a kansa. Mutum ya sayi rago, ya sayi goro da dabino, ya biya wanzami, ya ɗinka wa mai jego kaya, ya ɗauko masu rumfa da kujeru, amma safiya ɗaya ta zuwa rajistar haihuwa ta gagare shi, sai ya aiki yaron shago da suna a baki. Wallahi wannan ya fi karya sunan da maƙwabciya ta yi muni. Dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa cikin kwana 60, a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma takardar da suka bayar ita ce uwar sauran.

Muna kira ga limamanmu, tunda a kunnensu ake fara raɗa sunan. Kafin a shafa fatiha a watse, liman ya sa a kawo takarda, a rubuta sunan da Larabci, a rubuta shi da boko da manyan baƙaƙe, da sunan uba da na kaka a jere yadda za su zauna har abada, uban yaro ya adana, a ɗauki hotonta a waya. Malaman Islamiyya da masu makarantun kuɗi na cikin unguwa su daina karɓar suna da baki, su nemi takardar haihuwa su kwafa harafi da harafi. Fadar Sarkin Hausawa kuma tana da bakin da za ta sa a yi wannan sanarwa a masallatan Juma'a, kamar yadda ake yi wa rigakafi da rajistar zaɓe.

Duk inda aka rubuta sunan ɗanka, kada ka bar wurin sai ka karɓi takardar ka karanta, ko da masu layi na tsaki a bayanka. Gyara a kan teburin nan minti ɗaya ne. Wanda ba ya karatun boko ya tafi da ɗan sakandaren gidansu, kuɗin okada ne kawai zai ƙaru.