Ka Mayar wa Gwaggonka Awakinta

Ɗana, da idona na gan ka a Mayahi, zaune a tabarmar gwaggonka kana shafa fuskar waya, kana nuna mata hotunan otal, ga shuɗin ruwa, ga fararen gadaje, ga dabino jere a bakin teku. Ka ce in ta biya za a zuba mata maki, makin nan kuma ɗakin kwana ne a duk ƙasar da ranta ya so. Ba a yi kwana uku ba jajayen awakinta biyu suka bar turke, ɗaya ma da ciki. Wannan cin amana ne, kuma ba zan yi shiru don kana jinina ba.

Tunda waɗanda suka ɗora maka tallar ba su gaya maka asalin hajar ba, saurara. A Turai aka soma ta a shekarun 1960. Mutane da yawa su haɗu a kan gidan shaƙatawa guda, kowa da makonsa a shekara, tamkar rabon kwana. A 1974 aka kafa kamfanin RCI a jihar Indiyana ta Amurka don musaya: ka ba da makonka, ka karɓi na wani a wani gari. Har nan dai mutum ya san abin da ya mallaka, ɗaki kaza, mako kaza. Daga baya aka narkar da makon ya koma maki. Disney ta buɗe tsarinta da maki a 1991, RCI ma ta kawo nata a 2000.

A nan ne gizo ke saƙar. Mai maki lamba ce kawai a hannunsa, kuma kamfani ne ke rubuta maki nawa dare ɗaya zai ci. Lokacin da kowa ke son zuwa, daren ya yi tsada. Ɗakin da kake so sai ka kama shi tun watanni kafin tafiya, in ba haka ba a ce ya cika. Makin da ba ka taɓa ba, wa'adinsa na cika ya ƙone. Kuɗin gyaran gida kuwa kowace shekara sai ka biya, ka je ko ba ka je ba, kuma hawa yake yi. A Amurka akwai masu tallar nasu makin a intanet a kan dala ɗaya, don dai su rabu da wannan kuɗin shekara.

Kai ɗan manomi ne, ka san tiya. A kasuwar Tasawa ma'auni ya kuskura ya zo da ƙaramar tiya, kafin azahar kowa ya ji. To a cinikinka tiyar tana aljihun mai sayarwa, a wata ƙasa, mai saye bai taɓa ganinta ba. Malamanmu sun daɗe suna hana cinikin abin da ba a san iyakarsa ba, kifi yana ruwa, tsuntsu yana sama. Turawan da suka ƙirƙiro abin ma sun ga ɓarnarsa: dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta ba mai saye kwana 14 ya fasa, kuma ta hana a karɓi ko sisinsa a cikin kwanakin. Kai kwana nawa ka ba gwaggonka? Takardar da ta dangwala wa yatsa, ka karanta mata ita da Hausa?

Kuma ka san sarai ba za ta je ba. Maki ba ya yin fasfo, ba ya yin biza, ba ya biyan kuɗin jirgi. Kafin ma ta ga filin jirgin Diori Hamani a Yamai, sai ta ci fiye da kilomita 600 daga Maraɗi. Matar da burinta guda a duniya shi ne ta sauke farali, ita ka sayar wa hutun bakin teku.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da ka ce ta kawo mutum biyu cikin ƴan adashinsu, wai a ƙara mata maki. Matan nan da kuɗin ƙuli-ƙuli suke zubi. Sun yarda da ita ne, ita kuma ta yarda da kai don ita ta goye ka, kuma ka yi lakkol.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan zo gidan gwaggonka. Ka zo da kuɗin awakin cif, ko da wayar ce za ka sayar, ka zo kuma da sunayen sauran da ka yi wa tallar.