RAM 8+8 DA MANHAJAR BUSTA: AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Yau faɗa zan yi, kuma da kai nake, kai da ka sayar da albasa ko rago kana shirin sauya waya.

Daga Bodinga zuwa Sifawa, daga Danchadi zuwa Shagari, tambayar mai sayen waya ɗaya ce: "RAM ɗinta nawa?" Mai shago ya juyo maka kwali ka ga 8+8, ya ce ai sha shida ke nan. Ka biya, ka wuce wurin mai caji ya tura maka manhajar busta, mai hoton tsintsiya ko roka, wai tana share RAM. Amma tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato yaushe aka yi wa wayar gyaran tsaro na ƙarshe, ba mai yin ta.

Bari ka ga yadda abin yake daga ciki.

A ƙasan Android akwai wani ginshiƙi da ake kira kanel, na Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991. Ɗauke shi a matsayin sarkin kasuwa, RAM kuma filin kasuwar. Ya yanka filin rumfa-rumfa, kowace yawanci 4KB, wato waya mai 4GB tana da rumfuna sama da miliyan ɗaya. Babu manhajar da ta san ainihin inda rumfarta take. Lambar aro ake ba ta, sai wani sashe na furosesa mai suna MMU ya duba littafin sarkin kasuwa ya fassara lambar zuwa wurin gaske. Shi ya sa lamba goma ta WhatsApp daban, lamba goma ta manhajar bankinka daban, kuma ɗaya ba ta iya leƙa ta ɗaya.

Ba manhajoji kaɗai ke cin wannan kasuwa ba. Kamara da GPU, wato injin da ke zana hoto a fuskar waya, su ma suna rubutu cikin RAM kai tsaye. Kowannensu yana da direba a cikin kanel, shi ke yanka masa rumfa, ya rubuta a littafi, ya goge idan an gama. Ta ƙofofi irin su mmap da dma-buf ne manhaja ke roƙon a haɗa ta da waɗannan rumfuna, don hoton da kamara ta ɗauka ya isa fuskar waya ba tare da an yi ta kwafarsa ba.

To yanzu faɗa mini, ina busta take a nan? 'Yar kasuwa ce kamar kowa, ba ta da ikon taɓa littafin. Abin da take yi a da shi ne roƙon a kashe manhajojin da ke bayan fage. Su kuma su sake tashi daga farko, batir ya tafi, waya ta ɗau zafi, a wannan rana ta Sakkwato da ko ba a taɓa waya ba tana ƙuna. Daga Android 14, wanda ya fito a 2023, Google ta ma rufe wannan ƙofar: manhaja ba ta iya kashe kowa sai kanta. A bayanin da ta yi wa masu ƙera manhaja, Google ta faɗa ƙarara cewa manhajar waje ba za ta iya gyara yadda waya ke sarrafa RAM ko batir ko zafi ba. Rokar nan da kake kallo tana tashi zane ne kawai, tallan da ke biyo bayanta kuwa datarka yake sha. Android da kanta tana matse abin da ba a amfani da shi, tana kuma rufe manhaja idan wuri ya ƙure. RAM da ke zaune fanko ba riba ba ce, rumfa ce da ba kowa.

Sai batun 8+8. Takwas ɗin farko ne RAM. Na biyu aro ne daga ma'ajiyar waya, inda hotunanka da bidiyo suke. Ma'ajiya kamar rumbu take, RAM kuma faifan da ke hannunka. Rumbu ya fi ɗauka, amma ba a cikinsa ake sheƙa ba. Duk abin da aka tura can sai an dawo da shi RAM kafin furosesa ko GPU su yi aiki da shi, kuma ma'ajiya ba ta kusa da RAM wajen sauri. A yi adalci: a ƙaramar waya yana iya sa manhaja ta daɗe a baya ba a rufe ta ba. Amma wayar ba ta zama mai 16GB ba, don haka kada ka yarda a caje ka kuɗin sha shida. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ga kuma inda haɗarin yake. Ka ɗauka sarkin kasuwa ya karɓe rumfa daga wani, ya ba sabon mutum, amma ya manta bai karɓi makulli daga na farkon ba. Irin wannan kuskure ya faru da gaske. A 2022 masu binciken Project Zero na Google sun gano kurakurai biyar a direban GPU ɗin Mali na kamfanin Arm, wasu daga ciki suna barin manhaja ta ci gaba da karatu da rubutu a rumfar da aka riga aka saki. Arm ta gyara a watannin Yuli da Agusta. Da masu binciken suka sake dubawa a Nuwamba, wayoyin gwajinsu masu Mali ba su samu gyaran ba, har da Pixel ta Google ɗin kanta. A Oktoban 2023 kuma Arm ta yi gargaɗin cewa akwai alamun ana amfani da wani kuskuren irin wannan wajen kai wa wasu mutane hari. Mali ba baƙo ba ne a aljihunmu: shi ke cikin Helio G85 da G99 da Unisoc T606.

Na san abin da za ka ce: "Ni wa zai nema, ni da ba gwamna ba?" Malam, da zarar an bayyana kuskure ga duniya, kowane ɓarawo na iya nazarinsa. A wayar nan lambar sirrin banki ke shigowa, a ciki ka ajiye BVN da NIN. Kuma irin wannan hari yana bukatar muguwar manhaja ta fara shiga wayar, kai kuma kullum hannunka a buɗe yake: GBWhatsApp, wasan da aka fasa, duk abin da aka turo ta Xender. Busta ba ta toshe wannan rami, 8+8 ma haka. Sabuntawar da kake danna wa "anjima" wata da watanni ita kaɗai ke toshe shi.

Kamfanoni ma da nasu laifin. Gyara sai ya bi ta hannun mai ƙera furosesa, sannan mai ƙera waya, kafin ya iso gare ka, kuma sau da yawa a hanya yake maƙalewa. Suna buga 8+8 da manyan baƙaƙe, shekarun gyaran tsaro kuwa sai ka tona. Abu ne mai yiwuwa: Pixel 8 da Galaxy S24 an yi musu alƙawarin shekara 7, Galaxy A16 shekara 6. Muddin ba ma tambaya, ba wanda zai damu da mu.

Abin yi yanzu:

1. Shiga Settings, ka je About phone, ka duba kwanan watan Android security update. Idan ya haura shekara, ka yi hattara da abin da kake zubawa.
2. Idan akwai sabuntawa, sa waya a caji ka sauke, ko da datar dare ce.
3. Goge duk wata busta da kilina.
4. Ranar sayen waya, tambayi RAM na gaske nawa ne, da shekara nawa kamfani zai yi yana turo gyara.

Tura wa ɗan'uwan nan naka da ke danna roka sau goma a rana. Mai ja kuma ya zo da hujjarsa, muna nan.